Rabe-raben Masu Goya Jakar Soja a Kudenda

Kudenda unguwa ce ta masana'antu a kudancin kogin Kaduna, a gefen babbar hanyar Nnamdi Azikiwe wadda jama'a suka fi sani da Baifas, kuma duk wanda ya tsaya a bakin titi lokacin canjin aiki na safe zai lura da yadda jakar goyo samfurin soja ta yawaita a bayan ma'aikata. Jaka ce mai kaurin yadi da yawan aljihuna, wadda aka jera wa igiyoyi layi-layi a jiki. Igiyoyin wani ɓangare ne na tsarin da ake kira MOLLE, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1997 domin soja ya riƙa maƙala ƙananan jakunkunan harsashi da na magani a jikin babbar, amma a Kudenda aikinsu bai wuce rataye hular kwano da carbi ba. Kayan da ke cikin jakunkunan kusan iri ɗaya ne, wato kular abinci da caja da rigar canji, saboda haka abin da ya raba masu su shi ne irin mutumin da kowanne yake zaton ya zama da zarar ya goya tasa.

Wanda ya fi saurin ganewa shi ne wanda abokan aikinsa suke kira Kwamanda, mutumin da ya yi burin shiga Defo ta Zariya, inda ake horar da kuratan soja, amma tsawo ko shekaru suka hana shi. Wannan ba ya sayen jaka sai mai zanen kakin soja, yana liƙa mata tuta da bajen da ke nuna rukunin jininsa, kuma tafiyarsa takan canza daga ranar da ya saye ta, ta yadda ko gaisuwar makwabta sai ya amsa da ɗaga kai kawai. Matsalarsa ita ce Kaduna garin soja ne, mai hedikwatar Runduna ta 1 da makarantar horar da hafsoshi ta NDA da sansanin mayaƙan sama, kuma hukumomin soja sun sha gargaɗin farar hula game da amfani da kayan da suka yi kama da nasu. Don haka jarumtar Kwamanda takan ƙare a nesa kaɗan da shingen bincike, inda ake ganinsa yana sauke jakar, yana lulluɓe ta da sallaya, yana kuma rantsuwa tun kafin a tambaye shi cewa ta ƙaninsa ce, don kada a ɗauke shi sojan gona.

Sai Malamin Lamba, wanda ya kwana yana kallon bidiyo a waya, ya kuma wayi gari ya fi mai shago sanin kayansa. Shi ne yake tsayar da ɗan kasuwa a Kasuwar Barci ko Kasuwar Monde ta Kakuri yana tambaya ko yadin 500D ne ko 1000D. Harafin D yana nufin diniya, ma'aunin kaurin zare, wato nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram, kuma gaskiya ne cewa yadi mai babbar lamba ya fi jure guga, sai dai ya fi nauyi. Ɗan kasuwa, wanda ya san cewa ciniki ba ya son musu, yakan amsa da cewa: “Yallaɓai, duk lambar da kake so ita ce.” Bayan ya ja zif sau da yawa yana neman tambarin YKK na Japan, ya shinshina yadin, ya kuma yi wa sauran masu saye lacca kyauta, Malamin Lamba yakan ce zai je ya dawo, kuma 'yan kasuwa sun daɗe da sanin ma'anar wannan alkawari.

Mai Shirin Ko-ta-kwana ya cancanci dogon bayani, domin shi ne ya fi wahalar da jama'a. Ana auna cikin jaka da lita, kuma yayin da lita 20 zuwa 30 take isar mai zuwa aiki ya dawo, shi sai ya zaɓi mai lita 50 ko fiye, irin wadda aka tsara wa sojan da zai kwana uku a daji, alhali tsakanin gidansa a Nasarawa da wurin aikinsa tafiyar ƙafa ce. Yana ɗauke da tocila biyu, da igiya, da garin kwaki, da maganin sauro, da batirin cajin waya, kuma a kan wannan na ƙarshen kaɗai ake ba shi gaskiya, tun da tashar lantarki mai megawat 215 da aka ba da kwangilarta a Kudenda a 2009 ta haura shekara 10 ba a kammala ta ba. Jakarsa ta yi kama da zabirar wanzami wajen yawan aljihu, sai dai wanzami ya san inda kowace aska take, shi kuwa katin shaidarsa yakan ɓace kullum a aljihu na ƙarshe da zai duba, yayin da masu gadin ƙofar masana'anta suke zazzage kayan ɗaya bayan ɗaya, layi kuma yana ƙara tsawo a bayansa. A keke Napep kuwa, rigimarsa da direba kan kuɗin mutum biyu ta zama abin da fasinjoji suke jira.

Ma'aikacin ofis mai kwamfutar hannu kuwa ya sayi jakar ne domin ta yi masa kyau a hoto, kuma a zafin Maris da Afrilu yakan isa aiki da taswirar gumi a bayan shaddarsa mai guga. Akwai kuma Mai Gado, ɗan sakandaren da yayansa ya gaji da nauyin jakar ya bar masa, wanda ta baya ba a ganin komai nasa sai ƙafafu.

Wanda ba ya cikin masu ban dariya, ko da yake shi ne ba a kulawa da shi, shi ne mai gyaran lantarki ko mai haɗa sola. Yakan je kasuwa ranar da aka fasa dilar gwanjo da kayan aikinsa a hannu, ya juya jakar ciki waje ya duba ɗinkin da ya haɗa madaurin kafaɗa da jiki, domin nan ne take fara yagewa, sannan ya zuba filaya da sukundireba da mita, ya goya, ya ɗan zaga ya ji yadda nauyin ya zauna. Ya san cewa yadin yana tare yayyafi amma ruwan Agusta yana shiga ta zif da layin ɗinki, don haka mitarsa tana cikin leda ko da wace irin jaka ce. Yana zaɓar baƙa ko ruwan toka mai kimanin lita 25, wadda soja ba zai tambaye shi dalilinta ba, kuma idan zif ya mutu shumeka zai canza masa a zama ɗaya. A cikin dukkan masu goyon nan shi kaɗai ne ya auna kayansa kafin ya biya kuɗi, kuma jakarsa ce ta fi daɗewa.