Ilimin Jeren Ɗaki Bayan Yaro Ya Miƙe

Masana jere sun kasa tarihin ɗakin matar aure gida biyu: zamanin dangin amarya da zamanin yaro. A zamani na farko goggonni ne suka wuni suna gardamar inda madubi zai fuskanta, suka jera tangaran a kabet, suka shirya turaruka da mayuka sahu-sahu. Wannan daula takan ɗore har a haihu, har jariri ya iya zama, har ma ya fara rarrafe. Ranar da take faɗuwa ita ce ranar da yaro ya dafa bakin gado ya miƙe, ya ƙare wa ɗakin kallo kamar sabon hakimi a ranar rangadi. Turawa kan ware wa yaro ɗakinsa daban. A wurinmu ɗakin uwa shi ne ɗakin yaro, ita kuwa daga ranar ta koma 'yar haya.

Tushen wannan fanni shi ne lissafin inda hannu ke kaiwa. Ɗan shekara biyu bai cika mita ɗaya ba, kuma a nan ne masu ƙaramin sani suke ruɗuwa, su ɗora abu a kan tebur su ce ai ya tsira. Lissafin da ya inganta shi ne tsayin yaro, a haɗa da tsawon hannunsa, a ƙara da duk abin da zai iya jawowa ya taka: kujerar tsugunno, bokitin fenti, tukunya a kife. Durowa kuwa, in aka zaro ta ɗaya bayan ɗaya, matakala ce. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun rikito kan yara sun yi ajalinsu. Don haka a kira kafinta ya ɗaure wadirof da bango, kaya masu nauyi su koma ƙasa, talabijin ta hau bango, ko da uwar ɗaki za ta ce an ɓata mata fenti.

Tun 1687 Isaac Newton ya gama bayanin abin da ke jawo abubuwa ƙasa. Yaro bai gamsu ba. Kullum yana maimaita gwajin da cokali, da kofin shayi, da wayar babansa, sakamakon bai taɓa saɓawa ba, shi kuma bai taɓa rufe binciken ba.

Akwai kuma mas'alar ɓoyo. Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Siwizalan, ya nuna cewa jariri ƙarami yana ɗaukar abin da ya ɓace wa idonsa tamkar babu shi, amma kafin ya cika shekara ya gano cewa abin yana nan. Ke nan tura ashana ƙarƙashin filo dabara ce da wa'adinta ya ƙare tun yaro bai yi haƙora huɗu ba. Abin da ya rage sai makulli. Shinkafar ɓera, ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki da ke kama da alewa, ɗan ƙaramin batir mai siffar maɓalli, duk su shiga akwati a kulle. Wanda ya zuba kananzir a robar lemo kuwa ya rubuta wa yaro takardar gayyata ne da hannunsa. Bokitin ruwa a juye shi ko a fitar, domin kan yaro ya fi ƙafarsa nauyi, in ya leƙa ya tuntsura ba ya iya ɗagowa. Game da soket, wasu na kafa hujja da cewa ai ba a cika kawo wuta ba. Hujja ce mai rauni. Wutar volt 230 ce, kuma ba ta sallama kafin ta shigo.

Babin barci shi ne inda saɓani ya fi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2019 cewa ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana. Iyaye duk sun amince, yaron ne dai ba a tuntuɓa ba. Ɓangare ɗaya na goyon bayan gado mai shinge, sai dai likitocin yara na Amurka sun ce da zarar yaro ya kai santimita 89 a fitar da shi, don daga nan shingen ya zama wurin atisayen tsallake katanga. Ɗaya ɓangaren na bin Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, wadda ta fi son yaro ya kwanta a shimfiɗa ƙasa-ƙasa, ya hau ya sauka da kansa. Ni nan na karkata. Ba a taɓa jin wanda ya faɗo daga tabarma ba, kuma kakanninmu sun daɗe a kan wannan ra'ayi ba tare da an ba su ko satifiket ba. Sharaɗi dai katifar ta yi nesa da taga da igiyar labule, a soke gidan sauro ƙarƙashinta ta kowane ɓangare. A kuma bar masa fili, domin yaro a barci hannun agogo ne: ya kwanta kansa na gabas, asuba ta same shi da diddige a maƙogwaron mahaifinsa.

Hanyar bincike mafi inganci ita ce babba ya durƙusa ya zagaya ɗakin da rarrafe, ya ga abin da yaro ke gani. Na gwada. Na samo allura, da ƙwallon dabino uku, da rimot ɗin da ni da matata muka yi wa juna zargi a kansa tun ƙaramar salla. Ina ƙarƙashin tebur surukata ta yi sallama ta shigo. Ta dube ni, ta kawar da kai, ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Kafin in samo amsa, yaron ya taka gadon bayana, ya miƙa hannu kan madubi, ya sauko da kwalbar humra.