Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Bututun Akwatin Wufa

Ranka ya daɗe Bututu,

Da fatan kana lafiya a but ɗin motar ɗan maƙwabcina, tsakanin safaya taya da jarkar mai. Ba mu taɓa gaisawa ba, amma muryarka kam na santa, don ita ke riga motar shigowa layinmu, kafin a ga fitila gilashin taga ya fara rawa. Mutanen unguwa wufa suke tsine wa, wasu kuma amfilifaya. Ni na leƙa but ɗin ranar da yaron ke wankin mota, na gan ka: guntun bututun ruwa na roba mai faɗin inci 4, an liƙe ka da gam a jikin katako, tsawonka santimita 10, ko taƙi ba ka kai ba. Shi ya sa na kawo ƙarar wurinka.

Bari in tuna maka asalinka, don da alama ka manta. Kakanka Bajamushe ne, Hermann von Helmholtz, wanda a ƙarni na 19 ya warware abin da kowane yaro ke yi in ya hura bakin kwalbar lemo: iskar wuyan kwalba na kai-komo, ta ciki na matsuwa tana turo ta waje, sai sauti guda ya fito. Akwati shi ne cikin kwalbar, kai ne wuyanta. A 1932 Albert Thuras na Bell Labs a Amurka ya samu rajistar haƙƙin ƙirƙira a kan akwatin sifika mai kafar iska irinka. A 1961 Neville Thiele ya fitar da lissafinka a Ostireliya, Richard Small ya ɗora a kai a farkon shekarun 1970, har yau kamfanonin sifika na buga alƙaluman mutanen nan biyu a takardar da ke zuwa cikin kwali. Takardar da yaron ya naɗe tsire da ita, ina kyautata zato. Kai ɗan gidan lissafi gaba da baya, yaya aka yi ka faɗa hannun kafintan da ke awo da ido?

Dokarka ba ta da wuya. In ka yi tsawo muryarka ta sauka, in ka gajarta ko ka ƙara faɗi ta hau, in akwati ya girma ta sake sauka. Na sa tef na auna akwatin da kake ciki, iskarsa ta kai lita 56 bayan an cire gurbin da kai da wufa kuka cinye. Mai son jin waƙa kan saita irin wannan akwati tsakanin Hz 30 da 35, wato girgiza 30 zuwa 35 a daƙiƙa. Kafin ka ba da 35, sai tsawonka ya kai kusan santimita 27. A yadda kake yanzu wajen 49 kake kuka. Ga ita kanta motar, saboda ƙanƙantar cikinta, tana ƙara wa sautin ƙasa ƙarfi ba tare da an roƙe ta ba. Abin da ke iso mu ke nan: bum, bum, bum, ko kalangu aka sa ko kiɗan Turawa, amo ɗaya ne, lambar mota na yi masa amshi. Masu gasar ƙarar sauti da gangan suke saita ka sama haka, su na'urar awo suke son burgewa da sauti guda. Shi kuwa yaronmu waƙa yake ji, ko dai haka yake faɗa.

Laifin da ya fi ba ni haushi ma ba ni ka yi wa ba, wufa ka yi wa. A daidai sautinka kai ne ke ɗaukar aikin, faifanta da ƙyar yake motsi, kowa ya yaba. Amma da kiɗa ya gangara ƙasa da inda aka saita ka, sai ka zare hannunka, ka bar faifan yana fita yana komawa babu abin da ke tare shi, ga wahala ga babu sauti, har koyil ya dinga dukan ƙarfen baya. Ruwa ba ya tsami banza: yawan zaryar da yaron ke yi wurin mai gyaran sifika, kai ne sila. Akwai wani ɗan maɓalli a jikin amfilifaya da ke yanke sautin da ya yi ƙasa da kima, ana tsayar da shi kaɗan a ƙasa da saitinka. Tun da ya sayi amfilifayar bai taɓa shi ba, ya ɗauka ado ne.

Sai kuma hucin nan da kake yi, fuf-fuf, in an ƙure murya. Iska ce ta yi wa bakinka yawa. Maganinsa a buɗa leɓenka a gogar da kaifin, ko a faɗaɗa ka, sai dai faɗi na neman ƙarin tsawo, tsawo kuma na cin akwati.

Idan kana musu, shaida na da araha. A kwantar da akwatin wufa na kallon sama, a zuba 'yan ƙwayoyin shinkafa a faifan, a saki sautin gwaji daga waya a hankali, daga 60 ana saukowa. Inda shinkafar ta lafa da tsalle, nan ne saitinka. Ni zan kawo shinkafar.

Don haka ina roƙonka, don girman kakanka, ka yarda a musanya ka da mai santimita 27, ko masu aikin famfo na bakin kasuwa za su yanko shi. In kuma yaron ya ce ba kuɗi, ka haƙura a toshe ka tam, akwati ya koma rufaffe, ƙara ta ragu amma waƙa ta fito. Kafin nan, ka taimaka ka riƙa yin shiru daga an idar da sallar isha'i, akwai mai jego a gidanmu.

Naka,
Maƙwabcinku mai taga ta bakin titi