Kati Sittin, Hali Dubu

Wanda ya saba da wot ya san kowa a tabarma daga tuli ɗaya yake ɗiba. Abin da rabo ya ba ka shi za ka buga, in an cinye ka ka harari mai rabawa ka kaɗe riga ka tashi. To akwai wata karta da ba haka take ba. A 1993 wani Ba'amurke masanin lissafi, Richard Garfield, ya fito da wasan Magic: The Gathering, inda kowa yake zuwa da nasa damin katin daga gida, wanda ya tsinto ɗaya bayan ɗaya daga cikin dubbai da kamfani ya buga. Japanawa suka biyo sawu da kartar Pokémon a 1996, sai ta Yu-Gi-Oh! a 1999. Yau in ka leƙa shagunan wasa a Amurka ko Turai, musamman daren Juma'a, za ka tarar da magidanta masu gemu sun sunkuya a kan tebur suna gardama a kan kwali mai hoton dodo, sai ka rantse gado ake rabawa.

Dokar ba ta da wuya. A Magic dami ba ya gaza kati 60, kuma ba a sa kati iri ɗaya fiye da 4, in ban da katunan ƙasa na yau da kullum. Waɗannan su ne gonar ɗan wasa, su ke ba da ƙarfin da ake biya kafin a buga kowane kati, kuma gona ɗaya ake ajiyewa a kowane zagaye. Sunan ƙarfin nan kuwa "mana". Ke nan Bahaushen da ya shiga wasan roƙonsa ɗaya ne: a ba shi mana mana. Kowa yana farawa da rai 20 da kati 7 a hannu, wanda ya riga ƙarar da ran abokin karawarsa ya ci turmi.

Tunda da hannunka ka ɗaure daminka, ba mai rabawar da za ka harara. Dami kuwa ya fi maƙwabciya tona asirin mai shi. Ga mutanen da ba a rasa su a kowane shago.

Malam Wata Rana

Shi ne wanda har yanzu yana ajiye da rediyon da ya mutu tun yana saurayi, wai wata rana zai yi amfani. Doka ta ce 60 ne mafi ƙaranci, gwanaye kuma sun daɗe da gane cewa a nan ya kamata a tsaya, domin duk katin da ka ƙara yana shiga tsakaninka da katunanka na ƙwarai. Malam Wata Rana da 61 yake zuwa. "Ɗaya ne fa kawai," in ji shi. Mako mai zuwa 64. Kafin wata ya ƙare damin ya ƙi shiga akwatinsa, sai da roba. Ka nuna masa wani kati ka ce wannan ba ya aikin komai, sai ya dafe ƙirji ya ce ai shi ya cece shi bara. Sau ɗaya katin ya yi ceton, amma ya zama ɗan gida, ba mai korarsa. Kamfanin ma ya san da irinsa, don akwai wani kati mai suna Battle of Wits da yake ba ka nasara in katunan da suka rage a daminka sun kai 200. Ranar da ya ji labarin nan kamar an naɗa masa rawani. Matsalar kawai, garwaya damin sai da gayya.

Sarkin Giwaye

Mark Rosewater, babban mai tsara katunan Magic, ya taɓa raba 'yan wasa gida uku: Timmy mai son ƙaton abu, Johnny mai son dabara, Spike mai son ci ko ta halin ƙaƙa. Sarkin Giwaye shi ne na farkon. Duk katin da bai kai tsadar mana 7 ba, a wurinsa kaza ne. Daminsa makil da dodanni masu fukafukai da aman wuta, kowanne ya isa ya rushe gari. Sai dai gona ɗaya ake ajiyewa a zagaye, don haka zagaye shida na farko yana zaune ne rungume da giwayensa yana murmushi, ƙananan halittun abokin karawa suna yagar ransa kamar tururuwa a kan rake. Tun 1996 wani dami da ake kira Sligh, na jajayen katuna masu araha, ya koya wa duniya cewa dole mutum ya sami abin bugawa a zagaye na 1 da na 2 da na 3. Shi labarin bai iso gare shi ba. Bayan an cinye shi sai ya baje hannunsa a tebur ya ce, "Dubi abin da ke jiranka." Ana dubawa kuwa, a yi masa jaje.

Boka

Wannan ba ya son cin da kowa zai gane. Ya gano cewa in kati kaza ya haɗu da kati kaza, ga na uku a makabarta, inda ake zuba katunan da aka gama da su, ga na huɗu a hannu, abokin karawa kuma bai yi tari ba, to wani abu zai faru da ba a taɓa gani ba. Duk damin an gina shi ne don wannan haɗin gambiza. A Yu-Gi-Oh! uban gidansa Exodia, dodon da aka raba gida biyar, kai da hannaye biyu da ƙafafu biyu, wanda duk ya tara su a hannu ya ci nan take. Boka yakan mutu da ƙafar hagu da hannun dama, yana jiran kai. Sau tara a jere ana yi masa dukan kawo wuƙa bai damu ba. A na goma tsafin ya ci, kuma wannan labarin za ka ji shi a bikin 'yarsa.

Ɗan Satar Amsa

Ranar Lahadi wani gwani ya lashe babbar gasa, aka wallafa jerin katunansa. Kafin Talata Ɗan Satar Amsa ya haɗa irinsa, kati bisa kati. Ba laifi ba ne, manyan 'yan wasa ma suna yi, don damin da ya ci gasa ya riga ya sha gwaji. Bambancin shi ne su sun san dalilin kowane kati, shi kuwa jerin kawai ya gani. Gwanin ya sa wani kati ne don maganin damin da ya san zai cika waccan gasar. A shagon su Ɗan Satar Amsa ba mai buga wannan damin, amma katin yana nan daram, kamar mai yawo da laima da rani don ya ga hoton mutumin Landan. A gasa ana ba kowa damar riƙe kati 15 a gefe don sauyi tsakanin turmi da turmi. Nan ne idonsa yake raina fata. Ya zare su, ya dube su kamar wasiƙar da aka rubuto da Sinanci, ya mayar. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Alhaji Nawa Ne

Ba ya tambayar me kati yake yi, nawa ne kawai. Kowane katinsa mai ƙyalli ne, an sa shi a riga, rigar ma an sa mata riga. In ka miƙa hannu za ka yanka masa dami sai ya tambaye ka ko ka ci wani abu mai mai. Hirarsa ba ta wuce Black Lotus, katin 1993 da ake bugawa kyauta ya ba da mana 3, wanda tsananin ƙarfinsa ya sa aka hana shi a kusan kowace irin gasa. Ya san mawaƙi Post Malone ya sayi wani katin The One Ring na musamman a 2023, wanda guda ɗaya tak aka buga irinsa, a kan kuɗin da rahotanni suka ce dala miliyan 2 ne. Ya san tauraron intanet Logan Paul ya biya sama da dala miliyan 5 a kan wani katin Pokémon mai hoton Pikachu. Abin da bai sani ba shi ne yaushe ake kai hari, yaushe ake tsaron gida. Kuma akwai abin da kuɗi ba sa karewa, wato jerin katunan da kamfani yake haramtawa. A 2019 aka fito da Oko, kati mai mayar da dodon abokin karawa wata irin barewa. Kowa ya ruga ya saya da tsada. Ba a yi wata biyu ba aka hana shi a gasar da aka fi bugawa. Alhaji ya wayi gari da barewa huɗu masu ƙyalli a akwati.

Marowaci

Dami mai kati 60 yakan so gona wajen 24, ko ƙasa da haka kaɗan in katunan masu araha ne. Marowaci yana ganin wannan asara ce. Gona ba ta duka, ba ta cizo, don me za ta cinye masa wuri? Ya rage ta koma 21, bai ga komai ba. Ya mayar da ita 18. Daga nan kullum ka gan shi da hannu cike da kayan alatu ba kuɗin biya, kamar wanda ya cika shago da firiji a garin da ba wuta. Amma kada ka kuskura ka ce gona ce ta yi kaɗan. Shi a wurinsa rashin sa'a ne, ko abokin karawa ne ya yanka masa dami da mugun hannu, ko tebur ɗin ne ba shi da albarka. In ya fara ba ka labarin yadda aka cinye shi, nemi kujera. Kowane labari kuwa da "da a ce na ja gona ɗaya" yake ƙarewa.

Malam A'a

Launi biyar ne a Magic: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Wannan shuɗi ya zaɓa, don a nan ake samun Counterspell da 'yan'uwansa, katunan da aikinsu soke abin da wani ya buga. Bai zo yin wasa ba, ya zo ne ya hana ka yi. Ka ajiye kati, ya ce dakata. Ya karanta shi a tsanake ko da ya haddace shi, ya dubi rufin ɗaki, ya ce a'a. Wani lokaci ba ya riƙe da komai, ya dai bar gona biyu a buɗe yana yi maka kallon ma'aikacin da takardarka ke kan teburinsa. Ka tambaye shi da me zai ci wasan, ya ce ba a kai nan ba tukuna. Shi ne na ƙarshen gamawa a kowane karo, mai shago yana tsaye da makulli.

Mai Fafe Gora Ranar Tafiya

Wata guda ya yi yana gwada daminsa, ya san shi kamar yunwar cikinsa. Daren gasa, ƙarfe biyu, wani tunani ya faɗo masa. Ya tashi ya cire shida ya sa shida. Da asuba ya mayar da uku. A babbar gasa kuwa sai ka rubuta jerin katunanka ka miƙa wa alƙalai, kuma in abin da ke takarda ya saɓa da abin da ke akwati ana iya ba ka faɗuwar turmi tun ba ka zauna ba. Shi ya rubuta damin jiya, ya zo da na yau.

Tsohon Hannu

Ba ya gina dami, ta'aziyya yake yi. A zamaninsu kati layi ɗaya ne, yanzu sai ka sa tabarau. Har gobe bai yafe hana Pot of Greed ba, tukunyar haɗamar Yu-Gi-Oh! da ke ba ka kati biyu ba tare da ka biya komai ba. Ya tabbata yaran yanzu ba su iya ba, shi ya sa ba ya bugawa da su.

Mai Aska

Ita ba a cika lura da ita ba. Tana can kusurwa da ɗan littafi da biro. In an cinye ta ba ta ce sa'a ba, sai ta rubuta katin da ya zauna mata a hannu ba amfani. Ta san in ka sa kati iri ɗaya guda 4 cikin 60, damar ganin ɗaya a hannun farko kusan kashi 40 cikin 100 ce kawai, don haka ba ta gina gida a kan kati ɗaya, kuma ba ta yanke hukunci da turmi biyu ko uku. Sauyi ɗaya take yi, ta buga da yawa, ta duba littafi, sannan ta sake wani. Tana lura da abin da mutanen shagon suke bugawa, ta cika katunanta 15 na gefe da maganinsu, ba maganin mutanen wani gari ba. Ta fi kowa sanin cewa neman kati mai kyau ba wuya, kowa yana da ɗari. Wuyar ita ce wuri 60 ne kawai, kuma wanda zai fita sau da yawa shi ne wanda ka fi so.

Akwai wani kati da ta fara wasa da shi, mai hoton da take ƙauna, gefensa har ya yi laushi don daɗewa. Littafin ya nuna mata cewa turmi bayan turmi yana zaune a hannunta kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Ta dube shi jim kaɗan, ta zare shi, ta sa gona a madadinsa. Gona, abin da Marowaci yake zubarwa. Daren nan ita ta lashe gasar shagon. Sarkin Giwaye ya ce ai bai kai zagaye na bakwai ba ne, Alhaji ya tambayi nawa damin nata, da ya ji kuɗin ya yi tsaki, Boka ya ce wasanta ba armashi.

Da aka watse ta manta katin a kan tebur. Malam Wata Rana ya ɗauka ya bi ta da shi, ta ce ya riƙe ta ba shi. Ya juya shi gaba da baya, ya karanta, ya girgiza kai don mamakin yadda mutum zai rabu da irin wannan. Sannan ya zare robar daminsa ya cusa shi ciki.