Madalla da Ledar Jatan Lande

Yabon gwani ya zama dole. A harkar ciyar da iyali a Amurka ba a yi gwanaye ba kamar gidajen abincin nan masu tafasa kayan teku a tukunya ɗaya su miƙo wa mutum cikin leda. Daga Hustan har Kalifoniya, ranar Asabar da yamma layi kan kai bakin titi: uba, uwa, yara, har kaka da sandarta, kowa na jiran a kira sunansa.

Da an zauna karramawa za ta fara. A shimfiɗa takarda a tebur, a ɗaura wa maigida leda a wuya a gaban 'ya'yansa, a ba kowa safar hannu ta roba, a ajiye bokiti a tsakiya. Sai ga babbar ledar ta iso a kumbure da tururi: jatan lande da kawunansu, ƙafafun ƙaguwa, masara, dankali da dafaffen ƙwai, duk suna iyo cikin man shanu da tafarnuwa da yaji. Ba faranti, ba cokali, ba wanke-wanke. In an gama a naɗe takarda da leda da safa da ɓawo a jefa a shara. Teburi ɗaya, tulin roba guda. Tunda wani abin da ke cikin shara teku yake ƙarewa, ka ga an rama wa kura aniyarta, an mayar wa teku tukuicin abin da ta bayar.

Sai adalcin ma'auni. Da nauyi ake sayarwa, ɓawo da kai da ƙafa duk a kan sikeli. Ƙaramin jatan landen fadama da suke kira kurofish, namansa bai fi kashi 15 cikin ɗari na nauyinsa ba. Sauran na bokiti ne, kuma an biya kuɗinsa cif. A gaban ƙaguwa kuwa sau da yawa ba a rubuta kuɗi, sai dai a sa "farashin kasuwa". Wannan tausayi ne tsantsa: a bar magidanci ya ci abincinsa hankali kwance, tashin hankalin ya jira zuwan takardar lissafi.

Babbar bajintar ita ce ceto wannan girki daga hannun talakawan da suka ƙirƙiro shi. A kudancin jihar Luwiziyana, mutanen Kejun kan kamo kurofish a fadamar Acafalaya ko a gonakin shinkafa, su ɗora tukunya a bayan gida, su juye shi a kan tsofaffin jaridu, maƙwabci ya shigo ya ci ba a tambaye shi ko sisi ba. 'Yan gudun hijirar Biyetnam da suka sauka a gaɓar tekun yankin bayan 1975, da yawansu masunta, su ne suka ƙara man shanu da tafarnuwa. Ina amfanin cimar da kowa ke sa hannu kyauta? Yanzu an raba ta da maƙwabta, an sa mata kujera da haraji, ta zama abar ɗauka a hoto.

An kuma sauke wa iyali nauyin sanin inda abincinsu ya fito. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na jatan landen da ake ci a Amurka daga waje ake shigo da shi, galibi daga gonakin ruwa na Indiya, Ekwado, Indunisiya da Biyetnam. Arharsa ta karya farashi a bakin jiragen masuntan Luwiziyana, wasu ko kuɗin mai ba sa mayarwa. Amma bangon gidan abincin cike yake da taru da hoton jirgin ruwa, saboda haka ba a manta da su ba. A 2015 'yan jaridar kamfanin dillancin labarai na Associated Press suka shiga rumfunan ɓare jatan lande a Samut Sakon ta ƙasar Tailan, suka tarar da 'yan ci-ranin Miyanma, har da yara, a kulle, hannuwansu cikin ruwan ƙanƙara tun asuba har dare, kayan kuma na ƙarewa a kasuwannin Amurka. Mutane marasa kara, masu ɓata wa jama'a ci! Haka majalisar Luwiziyana ta yi katsalandan a 2019, ta ce dole gidan abinci ya sanar in jatan landensa na waje ne, sai ka ce yaji bai isa ya rufe komai ba.

Ko teku ma ba ta isa ta kawo cikas ba. Ƙaguwar ƙanƙara wajen biliyan 10 ta ɓace a tekun Berin bayan ruwan ya ɗumama, har jihar Alaska ta soke kamunta a 2022, karo na farko a tarihi. Leda ba ta fasa fitowa ba. Aka nemo a wata ƙasa, aka ƙara kuɗi.

Kada a manta da yarinyar da ke kwashe bokiti tana murmushi. A Luwiziyana da Tekzas doka ta yarda a biya mai aikin tebur dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, sauran ta nema a tukuicin baƙi. Wannan ya ba kowane maigida damar samun lada da abin da ya rage a aljihunsa, in ya rage.

Allah ya ƙara kasuwa, ya ƙara tsawon layi. Shawara ɗaya ce ga iyaye: cikin yara ba a rasa mai kaudi da zai ɗaga kai ya ce, "Baba, wa ya kamo wannan, nawa aka biya shi?" A yi maza a cusa masa masara a baki. In aka bar irinsu suna samun amsa, wata rana sai an biya masunci da mai ɓara da mai kwashe bokiti haƙƙinsu, kuma daga ranar ledar ba za ta ƙara yin wannan daɗin ba.