Wasiƙa zuwa ga tabarmar sulhu

Ya ke tabarma,

Ni da ke mun san juna. Mu mata ke share miki wuri, mu kakkaɓe ki, in taro ya watse mu naɗe ki mu jingine a zaure. Zama a kanki ne kawai ba mu taɓa yi ba.

A watan Satumba na 2019, da Gwamna Aminu Bello Masari ya bi ƙauyukan bakin dajin Rugu yana sulhu da 'yan bindiga, hakimai sun zauna, malamai sun zauna, har masu bindiga a kafaɗa an matsa musu wuri. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya a waya, ban ga ɗankwali ko guda ba. Bayan wata biyar aka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, aka kashe mutum 30. A 2025 aka sake shimfiɗa ki a Batsari da Safana. Mu dai namu kawo ruwa a kwano.

To wa ya sayar da akuya da kayan ɗaki aka haɗa kuɗin fansa? Wa ya yi takaba? Maƙwabciyata ta yi makonni a hannun 'yan bindiga. Ta san muryoyinsu, ta san rafin da suke ɗibar ruwa, ta san mai kai musu burodi da fetur. Da ta dawo, ƙafafu duk kaushi da ƙaya, ta buɗe baki, sai aka ce, "Yi shiru, a rufa asiri, wannan maganar maza ce." 'Yar'uwarta da ke ruga, wadda aka kashe wa miji a hanyar kasuwa, ita ma ba wanda ya ce mata me kika gani.

Kada ki ce mini haka muka gada. A jiharmu Daura take, inda su Daurama suka yi sarauta. Daga baya ne aka ture mu, har sai da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau 16 kafin matan Arewa su samu jefa ƙuri'a a 1976. Ƙuri'ar kam ana so, ranar zaɓe layinmu ya fi tsawo. Bakin ne ba a so.

Roƙona ɗaya ne. Ranar da aka sake ɗauko ki, in kin duba ba ki ga mace ba, don Allah ki nannaɗe, ki ƙi shimfiɗuwa.

Wassalam,
Mai kakkaɓe ki, daga Batsari.