Ranar da Gawarwaki Suka Cika Mini Kwamfuta

Ni ke riƙe da kwamfutar wata ƙungiyar manoma a Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji. Tsohuwa ce, Linux ke kanta, farantin sola ke ba ta wuta. Na rubuta mata wata 'yar manhaja mai lissafin buhunan wake da gero da aya da ake ajiyewa a mangaza. Aibinta ɗaya: ana cikin aiki sai ta faɗi matacciya, ba ko sallama.

Maganin wannan sananne ne. In manhaja ta mutu, Linux kan kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a daidai wannan lokaci ya zuba a fayil, don a bincika a gano abin da ya kashe ta. Gawa ce ake ajiyewa likita ya duba. Akwai ma'aikacin da aka tanada don haka, systemd-coredump, wanda ke matse gawar ya adana, kuma bisa tsarinsa na asali ba ya bari gawarwaki su ci fiye da kashi 10 cikin 100 na faifai. Windows ma in aka kunna nata, guda 10 take riƙewa, sabuwa ta kori tsohuwa. Ni kuwa, da yake gwani ne, na ce ba na son ɗan aike. Na cire iyakar girma, na shiga /proc/sys/kernel/core_pattern na rubuta cewa a kai kowace gawa kusa da fayil ɗin lissafi, a raɗa mata suna da %e da %p da %t, wato sunan manhaja, lambarta da lokacin mutuwa, don kada wata ta danne wata. Sannan na umarci na'urar ta riƙa tashin manhajar duk sanda ta mutu. Na ja ƙofa na tafi biki Tibiri. Ita kuma ta yi ta mutuwa tana tashi, dare da rana, kowace mutuwa da gawarta.

Jiya aka taru za a fitar da kaya. Dattawa a kan tabarmi, mata a gefe, ga baƙo daga Maraɗi da takalmi sau-ciki. Na ɗora kwamfuta a kan tebur, na gyara hula, na ce da ƙarfi: "Wannan ba ta mantuwa, ba irin littafin ma'aji ba ce." Aka yi dariya. Ma'aji ya sunkuyar da kai.

Wani dattijo ya matso. "Ɗana, duba mini, buhu nawa gare ni?"

Na gyara sunansa da aka rubuta ba daidai ba, na danna adanawa. Kwamfuta ta yi ɗan jim, ta rubuto da Faransanci cewa babu sauran wuri a faifai. Na sake buɗe fayil ɗin. Fari fat. Ashe manhajata sai ta share tsohon rubutu kafin ta zuba sabo, to ta share, wurin zubawa ya ƙi samuwa.

Wannan 'yar daƙiƙar ce ke hana ni barci. Yatsana na kan maɓalli. Murmushin alfaharin bai gama sauka daga fuskata ba. Dattijo ya kara kunne kamar na'urar za ta yi masa raɗa. Baƙon Maraɗi ya zare tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake leƙawa, fari dai fari. Wata akuya ta yi kuka a bayan mangaza, wallahi da ni take. Na sake dannawa. Na kuma dannawa, da ƙarfi, don na ji an ce naci ke kawo samu.

"Buhu nawa ta ce?"

"Baba, tana tunani."

Da na ga ba mafita, na yi bayanin gawarwakin. Nan fa shawara ta ɓarke. Mai cajin waya ya ce a zare batir a goga a jikin wando. Wata goggo ta ce zafi ne, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane. Amma wanda ya fi burge ni wani kawu ne mai sayar da goro, wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Ya tauna goronsa a tsanake, ya ce: "Yaro, kai ma da ganganci. Ɗaki cike da gawa, ka shigo ba sallama, ka hau danne-danne? Ku juya fuskarta gabas, a sayo ƙosai a raba wa yara, a ba ta kwana uku ta yi zaman makoki. In ba ta yi magana ba, a kai ta Jibiya, can na ga wani ya tashi rediyon da ya faɗa rijiya." Ya juya ga baƙon: "Alhaji, ko ba haka ba?" Baƙon ya ce lalle ƙosai ba ya ɓata komai.

Aka sayo ƙosan, da kuɗina. Ma'aji ya zaro littafinsa mai tabon miya daga aljihu, ya lashi yatsa, ya ce: "Baba, buhu bakwai da tiya huɗu."

Mai karatu, in za ka tara gawa, ka sa mata iyaka, kuma kada ka haɗa ta ɗaki ɗaya da lissafin mutane.