Mutanen Lautai a Bakin Kantar Otal

A ƙasar Gumel, wato Lautai, ba a saba sayen barci ba. Baƙo ya sauka, a share masa zaure, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa da fura, kuma rashin kunya ne a tambaye shi yaushe zai tafi. Ko a Maigatari, inda kowace Alhamis fatake ke kwararowa daga Nijar da raƙuma da shanu, 'yan Kudu kuma su zo da manyan motoci, akwai fatoma. Shi zai sauke ka, ya ciyar da kai, ya tsaya maka a ciniki, ladansa ya fito daga la'ada. Ba a taɓa jin fatoma ya ce wa baƙonsa ya tattara komatsansa kafin sha biyun rana ba. To mutumin da ya tashi a haka, ranar da lalura ta kai shi Kano ko Dutse ko Abuja, aka ce ya zaɓi otal ya biya tun kafin ya kwanta, ranar ce ake sanin halinsa.

Dillalin kara shi ne ya fi ba ma'aikatan otal wahala, kuma shi na fi so. Ba ya kama ɗaki ta waya, don a wurinsa wanda ya sayi abin da bai taɓa da hannu ba ya ci amanar kuɗinsa. Zai iso da babbar riga, aljihun dama naira, na hagu sefa, ya jingina da kanta ya gaida yarinyar da ke wurin har da tambayar iyayenta. Ta faɗi kuɗin ɗaki. Ya yi murmushin wanda ya san an fara ne daga sama.

"'Yata, wannan ai kin faɗi naki. Yanzu nawa za ki sallama?"

"Alhaji, haka yake a kwamfuta."

"To ita kwamfutar ba ta da maigida? Kira min shi."

Kafin a kira manaja sai ya nemi a nuna masa ɗakin. Zai danna katifa da tafin hannu kamar yadda yake danna gadon bayan rago don jin kitse, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya buɗe famfo, ya dawo yana lissafa aibu: taga tana kallon bango, labule ya koɗe, talabijin ƙarama. Duk ba don ɗakin bai yi masa ba. Ba a yabon kaya kafin a saya. Abin da ke kashe masa jiki shi ne takardar biya, idan ya tarar an ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake karɓa a haka tun watan Fabrairun 2020, ga kuma kuɗin hidima a kai. Ya fahimci wannan sarai, la'ada ce. Abin da bai fahimta ba, me ya sa shi da ya kawo kansa da ƙafarsa ba a ba shi tasa ba. Kuma kada a raina shi: sau da yawa manajan yakan rage masa wani abu, musamman in ya ce zai yi kwana uku. Mu masu jin kunyar tayawa mu ne muke biya cif.

Akwai kuma wanda da ka ambaci otal sai ya ɓata rai. "Ni? Ina da ɗan'uwa a Dakata." Wannan zai tashi daga Sule Tankarkar da tsarabar gero da wake da zabbi biyu, ya sauka a tashar Yankaba, ya ɗauki shatar adaidaita saboda kaya, ya ɓata a lungu, ya ƙara kuɗi. Ɗan'uwan nan ɗaki biyu gare shi a gidan haya. A tashi yara daga barci a mayar da su wurin uwarsu, a yanka masa ɗaya daga zabbin da ya kawo. Da safe ya raba wa yaran kuɗi, ya ba matar gida na sabulu. In ka tara abin da ya kashe, ya isa ya kwana a wuri mai sanyi har da canji. Amma zai koma gida yana cewa bai kashe ko sisi a makwanci ba, kuma ɗan'uwan zai rama ziyarar lokacin kaka, da iyalinsa duka.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma lissafinsa daban. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 aka mayar da alƙiblarsa daga Kano zuwa Dutse, kuma babu labarin da ya fi masa daɗi irin a ce sunansa ya fito a taron bita. Kuɗin kwana da za a ba shi ya riga ya raba su tun a gida: taki buhu ɗaya, kuɗin makarantar yara, bashin mai kanti. Saboda haka ba ya neman otal mai kyau, yana neman abokan tafiya uku. Mutum ɗaya ne zai je kanta ya karɓi makulli, sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya da fuskar masu kawo ziyara. Oga a kan gado, mai bi masa a kujera, biyu a ƙasa. Bala'in wannan bawan Allah shi ne taron da masu shirya shi suka ce sun riga sun biya masauki kai tsaye. Za ka gan shi a Three Star ko wani babban wuri, ɗaki shi kaɗai, tawul fari, ruwan zafi, yana zaune a bakin gado ransa a ɓace, yana lissafa buhunan takin da yake kwance a kansu.

Na zamani kuwa ɗalibi ne, ko wanda bai daɗe da gama Kwalejin Ilimi ta Gumel ba, kuma shi dangi ke ɗora wa aikin tunda "ya san waya". Mako guda zai yi yana yawo tsakanin Booking.com da Hotels.ng, yana ƙirga taurari, yana karanta ƙorafin wani Bature da ya ce matashin kai ya yi tauri. Ya san Tahir Guest Palace da Prince Hotel suna Nasarawa, ya san Bristol Palace, ya san wane ne ke da wurin ninƙaya, alhali kawun da za a kai ganin likita ko a kududdufi bai taɓa shiga ba. Abu ɗaya ne bai duba ba: nisan wurin daga Asibitin Malam Aminu Kano, inda ake so su kama layi tun da asuba. Kuma har yanzu bai gano cewa mai ɗaukar hoton otal yakan maƙale a kusurwa ne ya ɗauka, ɗakin da in ka buɗe ƙofa za ta bugi gado sai ya fito kamar fili. Ranar biya sabis ya ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi, banki ya cire, otal ya ce bai gani ba. Kawu yana tsaye da sanda yana kallonsa. "Ɗan nan, da ka bar ni na kwana a masallacin asibiti."

Ɗalibin nan yana da ƙane wanda shi ba ya kwana ko'ina. Ya shiga harabar babban otal da sabon ɗinki, ya sayi ruwan roba ɗaya, ya yi hotuna talatin a gaban lifta, ya saka a Facebook ya rubuta "Alhamdulillah", sannan ya tafi ɗakin abokinsa a Kurna.

Sai manomin riɗi na Gagarawa da ya kai kaya Dawanau, kasuwa ta yi kyau, ya rantse sau ɗaya a rayuwa sai ya ga abin da masu kuɗi ke gani. Wannan ba ya tayawa. Ya biya, amma ya ƙudura a ransa ko kwabo ba zai bar musu ba. Na'urar sanyi a kan 16, ya shige bargo yana rawar ɗari, ba zai kashe ba, ai ya biya. Wanka kafin la'asar, wanka bayan magariba, wani kuma cikin dare don ya tabbatar ruwan zafin bai ƙare ba. Barci ma asara yake ganinsa, don wanda ya yi barci bai san inda kuɗinsa suka tafi ba, saboda haka zai zauna yana canza tasha har ƙarfe uku. Da safe aka ce karin kumallo kyauta ne kuma kowa ya ɗiba da kansa. Nan fa. Shayi da burodi share fage ne, sannan doya da ƙwai, sannan ƙosai da kunu, sannan wani abu da bai san sunansa ba amma ya ga wani mai kwat ya ɗiba. Ƙananan sabulai da man wanke gashi da silifas duk sun shige jaka, tsarabar yara. Sha biyu saura minti ɗaya zai miƙa makulli. A nan ne za a ce masa ya dakata a duba ƙaramin firijin ɗaki. Ya ɗauka lemon da ke ciki da gyaɗar nan ta cikin kwalba karamci ne irin na masu gida. Mutumin da a gidansa ake auna gyaɗa da tiya, yau an sayar masa da cikin tafi ɗaya a kuɗin da ba zai iya faɗa wa matarsa ba.

Alhajin da ya sauke farali ba ya jin tsoron lifta ko ƙofar da ake buɗewa da kati, duk ya gani a Makka, kuma ba zai bari ka manta ba. Kowane otal da na can yake auna shi, kowanne kuma ya faɗi. Amma tambayoyinsa uku ne kafin ya ajiye jaka: ina alƙibla, akwai buta a banɗaki, ana sayar da giya a nan? Matasa na yi masa dariya, ni kuwa ina ganin duk cikin masu zaɓen otal shi ya san abin da yake nema. Da zai ƙara ta huɗu da ya cika gwani: ƙarfe nawa ake kashe janareta? Tun watan Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit, ga tsadar man janareta, wuta ce ke yanka kuɗin ɗaki, ba gado ba. Ƙaramin otal da ya yi maka araha, a tsakar dare zai karɓi cikon kuɗinsa, lokacin da fanka ta tsaya a watan Afrilu, sauro ya fara kiɗa. Araha ba ta ado.

Hajiya mai haɗa kayan ɗakin 'yarta a Kantin Kwari ta kama ɗaki na mutum biyu, ta zo da mutum shida: ƙanwarta, aminiyarta, amaryar, mai riƙe jaka, da yara biyu da suka yi kuka a tasha. Abincin otal ba ya shiga cikinta. Akwai kula, akwai fura a ƙwarya, akwai yaji da man shanu da dambun nama. Ta ƙare wa ɗakin kallo ta ce yana warin baƙi, ta fito da kasko ta zuba turaren wuta. Minti biyar na'urar gano hayaƙi ta fara ihu, masu gadi suka hau bene a guje.

"Hajiya, wuta ce ta tashi?"

"Wace irin wuta, yaro? Ɗakinku na gyara muku."

Kuma gaskiyarta, wanda ya shiga ɗakin bayanta ya more.

Wani kuma ba tsada yake tsoro ba, ido yake tsoro. A kunnen mutanen garinsu, kwana a otal magana ce da ke buƙatar bayani, ko da kuwa da matarsa ya zo kuma takardar aure na cikin aljihu saboda kada a tambaya. Zai zaɓi wurin da ke can ƙarshen gari, ya ja hula har gira, ya shiga lifta da sauri, ya tarar da maƙwabcin surukinsa a ciki. Su gaisa, kowa ya ce taro ya zo, kowa ya kalli silin. Tsakanin Gumel da Kano kilomita 120 ne ko kusa da haka, amma labarin zai riga su isa. Kishiyarsa shi ne ɗan rakiyar 'yan siyasa, wanda ke son a gan shi. Ya bi ayari zuwa Abuja, ya zauna a harabar Transcorp Hilton ta Maitama tun safe har dare yana jiran maigida ya sauko. Otal ɗin nan tun 1987 yake, ɗakunansa sun haura 600, bai taɓa ganin cikin ko ɗaya ba, amma duk wanda ya kira shi daga gida zai ji: "Ina Hilton, zan neme ka."

Babban malaminsu duka yana nan a teburin mai shayi kusa da tasha. Ya san kuɗin ɗaki a kowane otal na Kano, ya san wanda ya canza manaja, ya san wanda miyarsa ta lalace. In za ka yi tafiya, shi za ka fara gani, ya tambaye ka nawa ka ware, ya girgiza kai, ya zana maka hanya a kan benci da yatsa. Shi ma yana shirin tafiya. An ɗaga ta saboda damina, aka ɗaga saboda azumi, aka ɗaga da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya tashi. Iyakar tafiyarsa kasuwar Gujungu ce ranar Lahadi, ya dawo kafin magariba. Kwanan baya wani ya kira shi daga bakin kantar otal ɗin da ya aika shi, ya ce masa ai an rufe wurin, yanzu makarantar kuɗi ce. Ya kurɓi shayi, ya ce dama ya faɗa musu in ba su gyara miyar nan ba haka za ta faru.